Sayen Taya da Wili na Motar Shiga Daji: Abin da Ke Rubuce a Jikin Roba

Har yau akwai garuruwa da ƙauyuka masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa waɗanda kwalta ba ta kai gare su ba. Motar da ke kai musu allurar rigakafi, da ta malaman gona, da wadda ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti cikin damina, da ta fataken da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, kusan duk jinsi ɗaya ne: mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Hilux da Land Rover, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat. Komai ƙarfin injin irin wannan mota, a wurare huɗu kawai take taɓa ƙasa, kuma kowanne daga cikinsu bai fi tafin ƙafar babban mutum faɗi ba. Ta nan ake tafiya, ta nan ake juya kan mota, ta nan kuma birki yake kamawa.

Saboda haka idan tayoyi suka suɗe, tambayar da mai mota ke fara yi ita ce, ina za a samo wasu? Amsar ba ta da wuya. Akwai manyan dillalai da ke karɓar kaya kai tsaye daga kamfanonin da ke ƙera taya. Akwai shagunan kayan mota a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, da Katako a Yamai. Akwai masu sayar da kwance, wato tayoyin da aka riga aka yi aiki da su a wata ƙasa, waɗanda jama'a ke kira 'yan Beljiyam. Yanzu kuma ga masu talla ta intanet. A da ana ƙera taya a Nijeriya, amma kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Tun daga nan mafi yawan tayoyin da ke kasuwa ta teku suke shigowa, daga Sin da Tailan da Indiya da Japan da Turai, su bi hannun mutane da yawa kafin su iso ga mai mota. Wannan ya sa sunan kasuwa ko girman shago bai isa shaida ba. Shaidar tana jikin tayar, ga wanda ya iya karanta ta.

Darasin raƙumi

Kafin a kai ga karatun, ya kamata a fahimci aikin da taya ke yi a wurin da babu kwalta. Ɗalibin kimiyya ya san cewa matsi shi ne nauyi a raba shi da faɗin wurin da ya ɗauke shi. Jaki da raƙumi suna iya shiga rairayi ɗaya, jaki ya riƙa nutsewa, raƙumi kuwa ya wuce abinsa ko da yake ya fi jakin nauyi nesa ba kusa ba. Dalili shi ne tafin raƙumi yana da faɗi da taushi, yana kuma ƙara bajewa idan ya taka.

Taya ma haka take, sai dai ita direba ne ke da ikon faɗaɗa tafinta. Iskar da ke ciki ita ke ɗauke da motar, roba tana tsare iskar ne. A ɗauki mota mai nauyin kilogiram 2,400, wato kilogiram 600 a kan kowace ƙafa. Idan matsin iskar ya kai kilogiram 2.4 a kan kowace murabba'in santimita, wanda ya yi daidai da kimanin 34 a gejin masu faci, wurin da ke taɓa ƙasa zai kai wajen murabba'in santimita 250. Idan aka rage iskar zuwa rabi, wato kimanin 17 a geji, wurin zai doshi 500. Lissafin ba ya fita cif a zahiri, domin bangon tayar ma yana ɗaukar wani kaso na nauyin, amma ya nuna inda al'amarin ya dosa. Wani abin lura kuma shi ne tafin yana ƙara tsawo ne fiye da yadda yake ƙara faɗi, sai motar ta zama kamar tana shimfiɗa wa kanta hanya a kan rairayin maimakon ta yi ta tura tudun yashi a gabanta.

Wani Bature ɗan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi ta ratsa hamadar Masar da Libiya da motoci a shekarun 1920 da 1930, yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan dabara, kuma daga baya ya wallafa littafi kan yadda iska ke tafiyar da rairayi a 1941. Direbobin Agadas na yau ba su buƙatar littafin. Da sun bar ƙasa mai tauri sai su tsaya su sassauta iska, in sun fita kuma su mayar da ita.

Mayarwar nan wajibi ce. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa da miƙewa sau ɗaruruwa a kowane minti, wannan motsi kuma zafi yake haifarwa. A kan rairayi, inda tafiyar a hankali ce, ba ya yin illa. A kan kwalta, da gudu da kaya, zafin yana raba roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta har tayar ta fashe. Wasu direbobi kan sace iska da tsakar rana wai don kada zafi ya fasa taya, alhali hakan shi ke jawo fashewar. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa da zafi: tayar da aka sa wa 34 da sanyin safiya, a digiri 20 na ma'aunin Salsiyos, za ta nuna wajen 39 idan iskar cikinta ta kai digiri 50. Masu ƙera taya sun san da wannan ƙari, sun kuma yi masa tanadi. Shi ya sa ake auna iska kafin a tashi, tun tayar tana da sanyi.

Daga nan mai saye zai gane irin tayar da yake nema: mai dogon bango wanda zai iya bajewa, mai ƙwarin da ƙaya da kututture da kaifin marmara ba za su keta shi da sauƙi ba.

Karatun bangon taya

A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da haruffa, misali 265/70 R16 112S. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 70, tana nufin tsayin bangon kashi 70 ne cikin ɗari na faɗin, wato milimita 185.5. Harafin R yana nuna cewa zaren da ke cikin jikin tayar ya ratsa ne kai tsaye daga baki zuwa baki, tsarin da Michelin ya yi wa rajista a 1946, wanda yanzu ya mamaye duniya domin yana rage zafi da cin mai. Lamba 16 kuwa faɗin bakin wili ne da inci, wato milimita 406.4. Idan aka haɗa bango biyu da wili, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama zai kama milimita 777.

Lambar da mutane suka fi mantawa da ita ita ce ta kusa da ƙarshe. 112 ba kilogiram ba ne, matsayi ne a wani jadawali da kamfanoni suka amince da shi: 100 na nufin kilogiram 800, 112 na nufin 1,120, 120 kuma 1,400. Nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ke nan idan tana da cikakkiyar iska. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190. Ga motar da ke ɗaukar jarkokin mai da ruwa da buhuna da fasinjoji a kan hanyar burji, lambar nauyi ta fi harafin gudu muhimmanci ƙwarai. Tayoyin da aka rubuta wa LT an ƙera su ne don ƙananan motocin ɗaukar kaya, jikinsu ya fi kauri, kuma irin waɗannan sukan ɗauki lambobin nauyi biyu, kamar 120/116, ta biyun don lokacin da aka jera taya biyu a ƙafa ɗaya. Tsofaffin motocin daji da yawa suna amfani da wani tsarin rubutu na daban, 7.50 R16, inda 7.50 yake nufin faɗi da inci. Siririyar taya ce doguwa, kuma masu aiki a karkara suna son ta domin ana samun ta kusan ko'ina. Wannan ma dalili ne mai ƙarfi: taya mai girman da ba a samu sai a babban birni tana iya kwantar da mota mako guda a ƙauye.

Sau da yawa mai shago kan ce babu lambar da ake nema, amma ga wata kusa da ita. A nan ne ɗan lissafi ke ceton kuɗi. Taya mai lamba 265/75 R16 faɗinta ɗaya da ta farko, wilinsu ɗaya, amma tsayinta milimita 804 ne. A kilomita guda, ta farko za ta juya sau 409, ta biyu sau 396. Idan aka sa dogayen a ƙafa huɗu duka, illar kaɗan ce: agogon gudu zai nuna 100 alhali motar tana 103, birki da injin za su ɗan ƙara wahala, wataƙila tayar ta riƙa gugar jikin mota a kwana. Amma idan aka sa biyu a gaba, biyun baya kuma na ɗaya lambar, sannan aka saka giyar da ke ɗaure gaba da baya, an tilasta wa ƙafafun su juya daidai wa daida alhali a kowane kilomita akwai saɓanin juyi 13 tsakaninsu. A kan rairayi taya za ta ɗan zame ta sauke wannan saɓani. A kan ƙasa mai tauri babu inda za shi sai cikin haƙoran giya da sandunan da ke juya ƙafafu. Kuɗin gyaran ya ninka na tayoyin da aka yi tsimi a kansu. Saboda wannan dalili, safaya ma dole ta zama lamba ɗaya da sauran.

Zanen taya kuwa iri uku ne a kasuwa. H/T na kwalta ne, ƙananan tsagogi, ba ƙara. M/T na laka ne, manyan haƙora masu tazara, waɗanda ke watsar da taɓo yayin juyawa don kada su toshe su koma sumul. A/T yana tsakani. Matasa sukan so M/T don kwarjininta, amma ba ko'ina ta dace ba. A fadama da ƙasar laka cikin damina babu kamarta. A rairayi mai laushi kuwa haƙoran suna tona rami, motar ta binne kanta da kanta, a kan kwalta kuma ga ƙara ga shan mai ga tsawon birki idan an yi ruwa. Motar da rabin tafiyarta kwalta ce rabi burji, wadda ita ce mafi yawa, A/T ta fi dacewa da ita.

Wili ba faranti ba ne kawai

Mutane da yawa sun ɗauka duk wili mai inci 16 ɗaya ne. Abu na farko da ke raba su shi ne ramukan noti: yawansu, da faɗin da'irar da suke zaune a kai. Hilux mai ja da ƙafa huɗu ramuka 6 gare ta a kan da'irar milimita 139.7. Land Cruiser samfurin 80 ma haka, amma samfurin 100 da 200 ramuka 5 ne a kan 150. Tsohuwar Land Rover Defender ramuka 5 ne a kan 165.1. Wilin da ya kusa dacewa bai dace ba. Idan aka matsa shi da ƙarfin sifana, kusoshin za su zauna a karkace, gargada kuma ta karya su ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu shi ne zurfin wurin da wili ke manne da ƙafar mota, wanda ake bugawa a jikinsa da haruffan ET da lamba ta milimita. Lambar tana nuna nisan wannan wuri daga tsakiyar wilin. Idan ta ragu, tayar tana turowa waje, motar ta yi kama da mai faɗin ƙirji, amma nauyi ya koma gefe guda na boris, ya cinye shi da wuri. Idan ta ƙaru fiye da kima, tayar tana gugar ƙarafan ciki. Na uku shi ne ramin tsakiya, wanda dole ya shige kan ƙafar. Akwai kuma siffar noti: wilin ƙarfe yawanci noti mai tsinin baki yake so, wilin alminiyam na wasu motoci kuma mai shimfiɗaɗɗen wasa, kuma ba a musanya su.

Tsakanin ƙarfe da alminiyam, birni ya zaɓi alminiyam don sauƙin nauyi da kyan gani. Daji ya fi son ƙarfe. Idan wilin ƙarfe ya daki dutse lanƙwashewa yake yi, kuma guduma tana iya miƙar da bakinsa har a isa gari. Na alminiyam da aka zuba a zubi tsagewa yake yi, tsagar kuma ba ta gyaruwa a bakin hanya.

Yayin saka manyan wili, masu inci 20 ko fiye, ya saba wa duk abin da aka faɗa game da raƙumi. Taya mai lamba 265/50 R20 tsayinta milimita 773 ne, kusan daidai da 265/70 R16, amma bangonta milimita 132.5 ne kawai maimakon 185.5. An cire roba da iska an sa ƙarfe a madadinsu. Irin wannan taya ba ta da wurin bajewa idan an rage iska, kuma dutse yana saurin cizon bangonta a jikin wili. Ƙa'idar ita ce a zauna a kan mafi ƙanƙantar wilin da kamfani ya amince da shi, muddin ya bar wa birki wuri.

Wasu motocin aiki suna zuwa da wili mai zobe, wanda bakinsa guda yake cirewa, ana kuma sa masa tub. Amfaninsa shi ne mutum ɗaya da ƙarafa biyu yana iya fitar da taya ya yi faci a tsakiyar daji. Haɗarinsa kuwa babba ne: idan zoben bai zauna daidai ba, ko ya yi tsatsa, ko na wani wili ne daban, yana iya fizgewa yayin busa iska da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. Ana busa shi ne cikin kejin ƙarfe, ko a ɗaure da sarƙa, zoben yana kallon ƙasa, ba kowa a kansa. Wanda zai sayi irin wannan wili na hannu ya tabbatar zoben da wilin 'yan gida ɗaya ne. Kuma ba a sa taya marar tub haka kawai a kansa, domin iska za ta fita ta mahaɗar.

Taya tana tsufa ko ba ta yi tafiya ba

Ɗanyen ƙaron roba yana narkewa da zafi, ya daskare da sanyi. A 1839 Charles Goodyear, ɗan Amurka, ya gano cewa idan aka dafa shi da farar wuta yana samun ƙwari da juriya, domin farar wutar tana ɗaure dogayen zaruruwan ƙwayoyin roba da juna kamar saƙar raga. Sai dai wannan ɗauri ba ya tsayawa a ranar da aka gama taya. Iskar oksijin da ozon da hasken rana da zafi suna ci gaba da aiki a kanta, roba ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. A ƙasa mai zafi abin ya fi sauri. Don haka taya tana iya zama da zanenta cif, ba ta taɓa taka ƙasa ba, amma ta lalace a ajiye.

Ranar haihuwar taya tana jikinta. A nemi jerin da ya fara da haruffan DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an juya tayar. Idan lambobin uku ne, an yi tayar kafin shekarar 2000, kuma ba ta da sauran aiki sai dai a yanka ta a yi takalmi ko guga. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta daɗe tana gargaɗin direbobi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Wasu manyan kamfanonin taya kuma suna cewa a riƙa kai ta ga masani kowace shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma komai kyan zanenta. Alƙaluman sun bambanta, amma ga mai saye ma'anarsu ɗaya: kada ya biya kuɗin sabuwa a kan tayar da ta riga ta cinye shekarunta a sito. Idan wurin lambar ya nuna alamar kankara ko ƙuna, a bar ta.

Tayoyin kwance suna da matsalar da ta wuce shekaru. Dokar kwastan ta Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma talauci da araha sun sa kasuwarsu ba ta mutu ba, kuma ba adalci ba ne a zargi direban da abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin sabuwa ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne me yake saye. Da yawa daga cikinsu tayoyin hunturu ne, masu hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Waɗanda aka ƙera musamman don hunturu robarsu an haɗa ta ne don ta yi laushi a ƙasa da digiri 7, saboda haka kwaltar watan Afrilu a Sakkwato tana cinye su cikin ɗan lokaci. Wasu kuma an cusa su cikin juna, uku ko huɗu, don a rage kuɗin jirgi, kuma wannan cusawa tana lanƙwasa wayar bakin taya, wadda ita ke riƙe ta a jikin wili. Akwai waɗanda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi har aka kusa taɓa waya. Dole a sa hannu a shafa cikin tayar, a nemi faci, musamman a bango inda faci ba ya riƙewa, a nemi kumburi, a lanƙwasa bangon a ga ko zai nuna tsaga. A cikin tsagogin zane akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6. Idan zane ya zo daidai da su, tayar ta ƙare ko a kwalta, a laka kuwa ta daɗe da ƙarewa.

Wannan bincike ba ya yiwuwa ta hoto. Mai saye ta intanet ko ta hannun ɗan aike ya nemi a nuna masa lambar girma da ta nauyi da ta shekara na kowace taya ɗaya ɗaya, domin Hausawa sun hana cinikin biri a sama. A shago kuwa, yadda aka ajiye kaya yana faɗin halin mai shi: tayoyin da ke cikin inuwa, nesa da janareto da man fetur da injin walda, sun fi waɗanda aka jibge a rana don jan hankalin masu wucewa. Dillalin kirki ba ya ƙin ba da rasit mai ɗauke da lambobin tayar, kuma shi ne abin da za a riƙe idan aibin ƙira ya bayyana.

Bayan ciniki, saura ɗaurawa. A sa sabon bawul, a daidaita nauyin kowace ƙafa a kan na'ura, a ɗaure noti a tsallake, ɗaya sannan na daura da shi, ba a jere ba. Adadin iskar da ya dace yana kan wata takarda a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Lambar da ke bangon taya iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake bi kullum ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bin notin da sifana, domin sabon wili yana ƙara zama a mazauninsa, gargada kuma tana sassauta abin da aka ɗaure jiya.